Neman kalma: me za mu kira "decent work" da Hausa?

Mai fassara, Mabera:
Salamu alaikum jama'a. Agaji nake nema a kan kalma guda. Abin nan da Turawa ke kira "decent work", wanda ya cika takardun Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, har yau ba shi da tsayayyen suna a bakinmu. Wani ya ce "aiki mai kyau", wani "nagartaccen aiki", wani "aiki mai inganci". Ko ɗaya bai kwanta mini ba. In ka ce wa Bahaushe magini ya yi aiki mai kyau, ginin zai ɗaga kai ya duba. Su kuwa masu kalmar, maginin suke nufi: nawa aka biya shi, awa nawa ya yi a rana, in ya faɗo daga bene wa zai ɗauki jinyarsa.

Kalmar ba ta daɗe ba, ko da yake ƙungiyar tsohuwa ce, tun 1919 aka kafa ta bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Juan Somavia, shugabanta na lokacin, shi ya fito da ita a rahotonsa na 1999. Ya ɗora ta a kan abu huɗu: a samu aikin yi, a kiyaye haƙƙin mai yin sa, ya samu madogara ranar ciwo ko tsufa, sannan a riƙa zama ana magana tsakanin ma'aikata da iyayen gidansu da gwamnati. A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta a matsayin buri na 8 cikin muradun ci gaba 17. To kun ga ba za ta bar mu mu huta ba.

Malamin Islamiyya, Ƙofar Atiku:
Wa alaikumus salam, Malam. Larabawa sun fassara ta da "al-amalul la'iƙ", aikin da ya dace. Amma mu ba sai mun yi aro ba. Me zai hana "aikin rufin asiri"? Kowane magidanci ya san ma'anarsa: aikin da zai ci da kai da iyalinka, ba ka roƙi kowa ba. Kuma yana da gindi a addini, tunda hadisi ya zo cewa a ba ɗan ƙwadago ladarsa kafin guminsa ya bushe.

Malamar jinya, Arkilla:
Allah ya gafarta Malam, "rufin asiri" yana da daɗi a kunne, amma ku lura da lokacin da muke faɗarsa. In an tambayi mace yaya aiki, ta ce "to, akwai rufin asiri", ba yabon aikin take yi ba, haƙuri take bai wa kanta. Da ita ake rufe bakin mai ƙorafi. Wadda ke kwana tsaye a kan marasa lafiya babu safar hannu, albashin ya zo a makare, ita ma za a iya ce mata ai asirinki a rufe yake. Ni wannan kalma ba za ta yi mini faɗa ba.

Tsohon ɗan ƙungiyar ƙwadago, Runjin Sambo:
Ɗiyata, Allah shi yi miki albarka, kin taɓo inda ke yi min ƙaiƙayi. Mu da munka ga 1986 mun san illar kalma mai laushi. A 1985 gwamnatin Babangida ta buɗe muhawara ko a karɓi bashin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, jama'a sunka ce ba su so, anka ce an fasa. Shekara na zagayowa sai ga shirin gyaran tattalin arziki da anka kira SAP, da kusan duk sharuɗɗan da Asusun da Bankin Duniya ke so: a saki naira kasuwa ta yi mata farashi, a rage tallafi, a rushe hukumomin sayen amfanin gona, a sayar da kamfunnan gwamnati. Da Hausa me anka kira shi? Shirin tayar da komaɗar tattalin arziki. Wa zai ƙi a tayar da komaɗa? Sai da albashi ya koma ba ya kai tsakiyar wata, har ta kai ga tarzomar ƙin SAP a watan Mayun 1989, sannan mutane sunka gane wane ne za a daka kafin komaɗar ta tashi. "Tsuke bakin aljihu" ta fi gaskiya, ko da ita ma ba ta faɗi aljihun wa ba.

Don haka wagga kalma da kuke nema, ku ba ta haƙora, domin ita ƙungiyar da ta haife ta ba ta da su sosai. Ku duba bambancin. Asusun yana da kuɗi a hannu, in ba ka cika sharaɗi ba ya riƙe kaso na gaba. ILO kuwa yarjejeniyoyi gare ta, ƙasa ta sa hannu in ta ga dama, in ta saɓa a rubuta rahoto a kunyata ta a taron shekara. Sai a shekara ta 2000 ta fara ɗaga sandarta mafi girma, a kan ƙasar Miyamma, saboda aikin tilas. Da anka so a haɗa haƙƙin ma'aikata da dokokin cinikin duniya, don mai zaluntar leburorinsa ya ji a kasuwa, taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya na Singafo a 1996 ya ce a'a, wannan aikin ILO ne. Kuma kada ku ce Turawa kaɗai sunka hana. Ƙasashe masu tasowa ne a gaba wajen ƙi, don suna tsoron a fake da haka a toshe wa kayansu hanya.

Mai fassara, Mabera:
Baba, mun gode da wannan karatu. Na ƙara da wani abu a kan naka: a wurin zama ma sun bambanta. A taron ILO kowace ƙasa wakili huɗu take turawa, biyu na gwamnati, ɗaya na masu ɗaukar ma'aikata, ɗaya na ma'aikata, kowa da ƙuri'arsa. A Asusun kuwa nauyin ƙuri'a yana bin kason kuɗin ƙasa, shi ya sa Amurka ita kaɗai ke iya tare manyan hukunce-hukunce.

To in haƙora ake so, ga "aikin mutunci". Abin da ya ja ni gare ta shi ne mutunci a Hausa abu ne da ake ci, ake zubarwa, ake karewa. Da zarar ka ce aikin mutunci, kishiyarsa ta zo da kanta, aikin cin mutunci, kuma dole a tambayi wa ya ci. Sanarwar da ƙungiyar ta fitar a Filadelfiya a 1944 ta ce ƙwadago ba haja ba ne. Wannan ai maganar mutunci ce tsantsa.

Ɗalibin jami'a, Dundaye:
Malam, ni fa ina ganin ku bar ta yadda ta zo, mu ce "disen wok" kawai. Ai mun ce fansho, mun ce garatuti, mun ce lebura, ba wanda ya mutu.

Malamar jinya, Arkilla:
Ƙanena, fansho kuɗi ne da ake ƙirgawa a hannu, ko da wane suna ya zo za a gane shi. Wannan kuwa ma'auni ne, in mutum bai ji shi a ransa ba, ba zai auna komai da shi ba. Je ka ce wa mai dakon albasa "disen wok" ka ga kallon da zai yi maka.

Mai sana'ar fata, Tudun Wada:
Malam mai fassara, ranka ya daɗe, "aikin mutunci" akwai tarko a cikinta, kuma mu ne za mu faɗa. A garin nan in aka ce wane ya samu aikin mutunci, ofis ake nufi, da kujera da fanka. Kun san yadda ake kallon majemi da mahauci tun kaka da kakanni, har wajen neman aure. Alhali jar fatar akuyar Sakkwato ce ta ratsa Sahara, Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko don ta can ta isa gare su. In kuka ce "aikin mutunci", kun raba sana'o'i gida biyu, masu mutunci da marasa shi, mu kun san inda za a ajiye mu. Ni ba sana'ata nake so a canza mini ba. So nake yaron da ke tsoma hannu a ruwan jima ya samu abin kare fatarsa, kuma dillali ya daina yanka mini farashi yadda ya ga dama.

Mai fassara, Mabera:
Alhaji, wannan magana ta fi duk abin da aka faɗa nauyi, domin akasarin masu aiki a ƙasar nan ba ma'aikatan albashi ba ne. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, ya kai 70,000 a 2024, amma dokar 2019 ta cire wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, ta cire masu aikin jinga da masu aikin da ke zuwa lokaci-lokaci kamar noma. Wato majemi da ɗan kabu-kabu da mai yankan albasa a fadamun Wurno da Goronyo duk suna waje. Ita kanta ILO sai a 2015 ta fitar da shawara ta musamman a kan irin waɗannan sana'o'i. Kuma mun ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010, yara ɗaruruwa suka rasu saboda ana niƙa dutse a cikin gidaje. Kalmar da ba ta isa can ba, ba ta yi ba.

To ga gyara: "aiki cikin mutunci". Ƙaramar kalma ce ta shigo, amma ta ɗauke mutuncin daga kan irin sana'ar ta mayar da shi kan halin da ake yin ta. Mai shara zai iya yin aiki cikin mutunci, babban akawu kuma ya rasa shi. Ku gwada ta a jimla: "Ƙungiyar ƙwadago ta buƙaci a samar wa matasa aiki cikin mutunci." "Buri na 8 shi ne aiki cikin mutunci da bunƙasar tattalin arziki."

Malamin Islamiyya, Ƙofar Atiku:
Ta zauna, Malam. Na janye tawa, sai dai ina roƙon a bar "rufin asiri" kusa, za ta yi amfani in an zo maganar albashin da zai ishi iyali.

Tsohon ɗan ƙungiyar ƙwadago, Runjin Sambo:
Ni ma na aminta, tana hawa allon zanga-zanga ba tare da an rage mata komai ba. Amma kada ku tashi. Ɗaya daga cikin ƙafafun nan huɗu, madogarar ranar ciwo da tsufa, na ji ana ce mata "kariyar zamantakewa". Ni ban san wa anka kare ba, kuma daga wa. Ɗiyata ta Arkilla, ke ke ganin masu zuwa asibiti babu ko sisi, fara kawo taki.