Me za mu kira "petroleum" da Hausa?

Jama'a, ku kawo ɗauki. Ina fassara wani darasin kimiyya sai na ci karo da jimlar da ke cewa daga petroleum ake samun petrol. Da Hausar da muka saba, ga abin da ya fito: "Daga man fetur ake samun man fetur." Kun ji kwamacala.

Sunan ɗa muka laƙaba wa uwa. Fetur ɗaya ne tak cikin abin da matatar mai ke fitarwa. Dafa man ake yi har zafinsa ya kai wajen digiri 350, tururin ya bi wata doguwar hasumiya, kowane iri ya koma ruwa a hawan da ya yi masa sanyi. Iskar gas ce ke ficewa ta ƙololuwa, sai fetur, sai kananzir da man jirgin sama, sai dizal, kwalta kuwa ta kwanta a gindi. Ganga guda lita 159 ce, kuma galibi fetur ɗin cikinta bai kai rabi ba. Leda da kyandir da basilin ma duk jikokin wannan man ne.

Abin dariya, da Edwin Drake ya haƙa rijiyarsa ta mai a Amurka a 1859, kananzir ake nema don fitila. Fetur zubar da shi ake yi.

Wani ya ce "man ƙasa". Ban karɓa ba: ƙasar da ake takawa, ko mai tuta?

Wata malama ta ce "man dutse". Wannan ya burge ni, domin kuwa haka asalin kalmar yake a Latin, petra dutse, oleum mai. Kuma gaskiya ne. Ba tafki ba ne a ƙarƙashin ƙasa. Man yana maƙale ne cikin ƙofofin dutse kamar ruwa a soso, ragowar ƙananan halittun teku da zafi da danniya suka dafa cikin miliyoyin shekaru. Sai dai ban taɓa jin "man dutse" a bakin kowa ba sai ita.

"Ɗanyen mai" kuwa kullum yana cikin labaran rediyo, shi na ɗauka. Jimlar ta zama: "Daga ɗanyen mai ake tace fetur." Inda ake nufin shi da duk abin da ya haifa, na sa "mai da dangoginsa".

Saura "gas". Direba dizal yake nufi, darasin kuma iska. Shafi na gaba ke nan, kuma a nan na maƙale.