Kwafar tsohon zane da fentin mai: wa ya taɓa gwadawa?

Mai Buroshi: Assalamu alaikum. Malaminmu ya ce kafin mu zana fuskar mai rai, kowa ya zaɓi aikin wani gwani na dā ya kwafa. Ku da kuka riga mu, me kuka zaɓa, me kuka tarar?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Ni hoton Juan de Pareja na kwafa, wanda Velázquez, gwanin zane ɗan ƙasar Sifen, ya zana a birnin Rum a 1650, yanzu yana gidan tarihi na Metropolitan a New York. Mutumin bawansa ne a lokacin, kuma fatarsa mai duhu ce, irin wadda nake son hannuna ya iya. Baƙin fenti ɗan kaɗan fuskar ta ci a wurina. Ja da rawaya da ruwan ƙasa su suka yi aikin, sai ɗigon fari a goshi da karan hanci. Sai da na zana farar kwalar rigarsa sannan fuskar ta fito sosai. A ganina duk mai son zana baƙar fata, da wannan ya kamata ya fara.

'Yar Auta: Yaya, ka sa ni kwaɗayi. Ni yarinyar nan mai ɗan kunne ta Vermeer, mai zane ɗan ƙasar Holand, na yi, ta wajen 1665. Babu layi tsakanin hancinta da kumatunta, launi ne ya shige cikin launi, hannuna kuwa sai ƙaiƙayin jan layi yake. Ɗan kunnen ma shafa ce ƴar kaɗan, ko maƙalinsa bai zana ba.

Kawu Mai Fenti: Ɗana, ka fara da launi ɗaya, ruwan ƙasa da aka tsinka da tafentin, wato ruwan tsinka fentin mai, ka raba haske da inuwa tukuna. Shafar farko ta zama mai ƙarancin mai, ta sama ta fi ta man linsid, wato man da ake gauraya fentin da shi, in ba haka ba fenti zai tsattsage. Da hoton da Rembrandt, mai zane ɗan Holand, ya yi wa fuskarsa a 1659 na koyi wannan. Ka kuma buɗe taga, warin tafentin yana sa ciwon kai.

Mai Buroshi: Na gode, Kawu. Banish fa, wannan abin ƙyallin da ke kāre zane bayan an gama, yaushe ake shafawa?

Kawu Mai Fenti: Sai zanen ya yi aƙalla wata shida da gamawa. Sama kan bushe da wuri, ciki yana nan ɗanye.