Fim kan 'yan dako da leburori: yaya kuka yi da haƙƙinsu?

Mai Kyamara, Kano: Assalamu alaikum. Ina haɗa fim na gaskiya da kuɗin aljihuna kan 'yan dakon kasuwar hatsi ta Dawanau. Abin da ya ɗaure min kai shi ne lokacinsu. Mutumin da ake biya a kan kowane buhu, in ka tsayar da shi hira, daga abincin gidansa ka ɗiba. Wasu kuma sun ce in ka biya shi, abin da kake son ji zai faɗa maka. Waɗanda suka taɓa irin wannan aiki, yaya kuka yi?

Baban Yara, Jos: Wa alaikumus salam. Na ɗauki masu haƙar kuza a ramukan da ke kewayen Bukuru. Ban taɓa yin hira a bakin rami ba. Da rana aiki kawai nake ɗauka: igiya, bokiti, matan da ke wanke ƙasa a kwano. Hira sai bayan la'asar, an yi wanka, an sa riga. Wani dattijo ya ce min in na nuna shi cikin laka kaɗai, surukansa za su ce ba shi da wata rayuwa bayan rami. Ya yi gaskiya. Na bi shi gida da masallaci, kuma nan fim ɗin ya yi nauyi.

Hajiya Mai Sauti, Accra: Ƙanena, ka biya su. Na yi aikin ɗaukar sauti da kayayei, 'yan matan arewacin Ghana masu dako a ka, a kasuwar albasa ta Agbogbloshie kafin a tashe ta a 2021. Yarinya ce ɗauke da babban kwano, ga goyo a baya, ta tashi tun asuba. Mun tambayi abin da take samu a yini, muka ba ta shi cif, a gaban shugabarsu, muka kuma bayyana cewa kuɗin ranar da ta rasa ne, ta faɗi abin da ta ga dama. Ba wadda ta yi mana daɗin baki. Ɗaya ma ta ce mu kashe na'ura da aka zo maganar inda suke kwana, muka kashe. Abin da ya fi damuna shi ne masu zuwa da kyamara mai dogon gilashi su ɗauke su daga nesa ba sallama, su kai bikin fina-finai a Turai, yaran ba su ma san fuskarsu ta je can ba.

Ɗan Arlit: Mu a nan Arlit ta Nijar tsoro ne matsalar. Da aka rufe mahaƙar yuraniyom ta Cominak a Maris 2021, na yi hira da tsofaffin ma'aikata. Da yawa ba su yarda a ga fuskarsu ba, don 'ya'yansu na neman aiki. Sai na ɗauki hannuwansu da tsofaffin hulunan aiki, muryar kuma tasu ce.

Mai Kyamara, Kano: Na gode, Hajiya. To shugabannin 'yan dakon fa? Ba sa hana yara magana?

Hajiya Mai Sauti, Accra: Ta wurinsu za ka shiga, dole ne. Amma hira kai da mutum ku biyu.

Baban Yara, Jos: Kuma kafin ka sa a YouTube, ka kai musu majigi su fara gani. Nawa sun sa na cire wurin da ake rabon kuɗi, saboda masu bin bashi. Ka ɗauki lambar kowa tun yanzu, don yawancinsu 'yan ci-rani ne, damina na faɗuwa za su koma gona.