Kano zuwa Jidda, awa nawa ne?

Baban Khalifa: Jama'a raina a ɓace yake. Wanda ya haɗa wa Hajiyarmu tafiyar Umara ya rantse mata awa huɗu da rabi ne daga Kano zuwa Jidda. Yau tikiti ya zo: tashi ƙarfe 2 na rana, sauka 8:30 na dare. Awa shida da rabi kenan! Tsohuwa ce, in ta daɗe a zaune ƙafarta kumbura take har takalmi ya ƙi shiga. Ga shi ba mu da filin jirgi a Zariya, sai ta sha motar Kano tukuna.

Malamin Samaru: Kwantar da hankalinka. Agogon Saudiyya ya riga namu da awa 2, 8:30 ɗinsu 6:30 ne a nan. Nisan wajen kilomita 3,400 ne, lissafinsa daidai yake.

Ɗan Palladan: Dakata Baban Khalifa. Wa ya ce ba mu da filin jirgi? Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tana nan tun 1964. Kullum da safe ƙananan jirage na shawagi a kan rufinmu, yarana har ɗaga musu hannu suke.

Bakano a Sabon Gari: Wannan filin makaranta ne, Malam. Ka taɓa ganin maniyyaci da jakarsa a can? Filin jirgi shi ne na Malam Aminu Kano.

Ɗan Palladan: Matuƙan da ke tashi daga Kanon a ina da yawansu suka koya?

Maman Ilham: Ai Kanawa haka kuke, kuna cin arzikin Zazzau kuna raina ta.

Bakano a Sabon Gari: Hajiya shekarata 18 a garin nan, a nan na yi aure. Gaskiya na faɗa.

Malamin Samaru: Abin da ya kamata a tambayi mai tikitin shi ne hanya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023 an rufe sararin samaniyarta, jirage suka koma zagaye, tafiya ta ƙaru.

Maman Ilham: Shekara 18 ba ta mai da baƙo ɗan gari.

Baban Khalifa: Don Allah ƙafar Hajiya fa? Kujerar gefen hanya zan nema mata ko ta taga?

Ɗan Palladan: Sai ka janye kalmar "ba mu da" tukuna.

Shugaban zaure: To ya isa haka. Ni ɗan Ƙofar Doka ne, kuma na karanta komai. An tabbatar Zariya na da filin jirgi, Bakano bai kawo wata hujja ba, ya nemi afuwar Maman Ilham. Baban Khalifa, ka kira Malamin Samaru a waya kan maganar awanni. Allah ya kai Hajiya lafiya. Na rufe sharhi.