Ruwan sukarina ya ƙoshi ne, ko ya wuce ƙoshi?

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa ɗalibai. Ina aji biyar na sakandare, wani darasin kemistiri kan ƙoshin ruwa, wato iyakar gishiri ko sukarin da ruwa zai iya shanyewa, ya tsaya mini a wuya.

Ruwan da bai ƙoshi ba na gane shi: ka zuba gishiri, ka motsa, ya narke. Wanda ya ƙoshi ma haka: a zafin digiri 20, giram 100 na ruwa na shanye kusan giram 36 na gishiri, ragowar ta kwanta a gindin kofi. Na ukun, wanda ya wuce ƙoshi, shi ya gagare ni.

Jiya na tafasa ruwa, na yi ta zuba sukari har cokali ya fara nauyin juyawa, Umma na ta hararata. Na bar shi ya huce. Garau yake, ko ƙwaya ɗaya babu a ƙasa. Malaminmu ya ce a jefa ƙwayar sukari, idan ya wuce ƙoshi sauran zai fara daskarewa a jikinta. Na jefa, ta nutse, shiru.

Shin bai kai ba ne, ko jira zan yi? Kuma me ya sa gishiri kusan bai ƙara narkewa ba ko da na tafasa ruwan? Don Allah a taimaka.