Wai motata ce akori-kura?

Mai Tundra: Salamu alaikum 'yan zaure. Wlh yau raina ya ɓaci, bari in amayar muku ko na ji sanyi. Walimar biki na je wani otal nan cikin gari, ina isa bakin get maigadi ya ɗaga min hannu wai in zagaya ta baya, can ake sauke kaya, akori-kura ba ta shiga ta gaba. Ni da babbar riga, ga maiɗakina da yara a kujerar baya suna ji, kuma a kan idona ya wangale wa wata tsohuwar Corolla da bambarta ke ɗaure da waya. Toyota Tundra ce fa 2014, inji 5.7 mai silinda takwas, ƙofa huɗu, bayanta mutum zai miƙe ƙafa kamar yana falo. Shekara biyar tana hannuna ba a taɓa buɗe injin ba, daga juyen mai sai birki sai taya. Ina faɗa da babbar murya, duk cikin manyan motocin nan na Amurka, da F-150 da Ram da Silverado, babu wadda ta kama ƙafar Tundra a ƙarko, wajen daɗin zama ma ba ta bar musu komai ba. Mai ja ya zo da hujja.

Baba Tsohon Direba: Wa alaikumus salam. Alhaji ka yi haƙuri, amma yaron nan bai yi maka ƙarya ba. Duk motar da bayanta ke buɗe ana loda mata buhu sunanta akori-kura, ko da zinare aka ƙera ta.

Mai Tundra: Haba Baba, kai ma? Akori-kura fa ita ce wadda ake cika wa awaki da mutane ranar kasuwa.

Baba Tsohon Direba: To mene ne abin kunya a ciki ɗana? Da Fijo 404 mai buɗaɗɗen baya na fara tuƙi, daga baya na koma 504, lokacin kamfanin Fijo na Kaduna da aka buɗe a 1975 yana kan ganiyarsa. Da ita na yi aure, da ita na gina gidan da nake ciki, da ita na kai mahaifiyata asibiti cikin dare da damina hanya duk taɓo. In an ce akori-kura ni girma nake ji. Ku yaran yanzu kuna son bodin ɗaukar kaya amma ba kwa son sunan.

Mazaunin Texas: Ku bar maganar suna tukuna, tambayar Alhaji mai kyau ce. Tundra ɗin nan a San Antonio ake haɗa ta, nan jiharmu, kuma a nan likita da lauya duk irinta suke hawa zuwa ofis babu mai kallonsu. A ƙarko na yarda da kai, tsohon injin 5.7 da suka yi daga 2007 zuwa 2021 ba shi da tobo, wato na'urar da ke cusa wa inji iska don ƙara masa ƙarfi, ba shi da tarkace, shi ya sa yake daɗewa. Amma daɗin zama a'a Alhaji. Taka sifirin ɗin bayanta irin na faranti ne, in babu kaya a bodi ta faɗa gargada sai bayan ya dinga tsalle. Ram tun 2009 suka koma sifirin mai murɗe a baya, daga baya ma suka ƙara na iska, wanda ya zauna a Ram 1500 ya san bambancin. Ita kanta Toyota sai a sabuwar 2022 ta bi sahu.

'Yar Kasuwar Kwari: Ni dai tambayata ɗaya, in ba akori-kura ba ce me ya sa aka yi mata bodi a baya? Don ado?

Mai Tundra: Hajiya ana ce mata fikof ne.

'Yar Kasuwar Kwari: Toh fikof da Hausa fa? Ka ga mun dawo wurin Baba. Abin da ya fi damuna ma yadda ka ce awaki da mutane, kamar mutanen ƙauye ba mutane ba ne. Dilolin atamfata a bayan irin motar nan suke zuwa, yaran da ke zaune a kan dilolin kuma 'ya'yan wasu ne.

Mai Tundra: Ban raina kowa ba wlh, ni ma ɗan ƙauye ne.

Ɗan Ford: Ana ta suna an bar babbar ƙaryar. Wai babu wadda ta kai Tundra. Motocin Ford jerin F sun fi shekara 40 suna kan gaba a ciniki a Amurka, ka ce duk mutanen nan ba su san abin da suke yi ba ne? Manomi da ɗan kwangila ba sa sayen abin da zai kwana a gareji. Tun 2015 Ford suka mayar da jikin F-150 na alminiyam, ta rage nauyi, ba ta cin tsatsa.

Bakanike Panteka: Oga ka kawo min alminiyam ɗin nan ranar da ɗan adaidaita ya goge maka ƙofa. Fanel bita nawa ka sani da za su iya yi masa walda? Ƙarfe ka buga ka miƙar ka shafa fenti, wannan kuwa sai ka nemo ƙofa sukutum. Ga giya goma da suka saka tun 2017, ga tobo biyu, komai sai an jona kwamfuta, motar da aka yi don titin da babu rami da man da babu gauraye.

Ɗan Ford: Rashin iya aikinku ne, kada ku ɗora wa mota.

Bakanike Panteka: Shekara 22 ina ƙarƙashin mota, ka iya bakinka.

Oga Ƙofar Ruwa: Gaskiyar magana ku zo kasuwa ku gani. Kayan Toyota ko tsakar dare ka buga min waya zan miƙo maka. Na Ram kuwa sai an aika kasuwar Ladipo a Legas, wani lokacin a can ma a ce sai an yi oda. Ƙarko ba a injin kaɗai yake ba, motar da ta yi wata biyu a kan jak tana jiran abu ɗaya ta mutu ko da injinta sabo ne. Amma Alhaji sunanta akori-kura, mu ma haka muke rubutawa a rasit.

Bakanike Panteka: Ku 'yan Ƙofar Ruwa da kuke sayar wa mutane jabu a kwalin orijina ku za ku yi maganar ƙarko?

Oga Ƙofar Ruwa: Ka kama wani ka faɗi shagonsa, kada ka yi mana kuɗin goro. Rabin kayan da kuke ɗaurawa a Kaduna daga wurinmu kuke sara.

Ɗan Agadas: Ina karanta ku tun ɗazu. Duk waɗannan manyan motoci na kwalta ne. Ku kawo su hanyar Agadas zuwa Dirku mu gani, rairayi iya ganinka, babu gidan mai babu bakanike, abin da ke shiga ya fito Hilux ce da Land Cruiser. A yaƙin Chadi da Libiya na 1987 da me sojojin Chadi suka kori tankokin Gaddafi a garin Fada? Har yau yaƙin Toyota ake ce masa. Ba a ji sunan Ford a wurin ba.

Mazaunin Texas: Ɗan'uwa Hilux ba ta cikin wannan ajin, ƙarama ce, ajin Tacoma da Ranger take. Ba a ma sayar da ita a Amurka. Alhaji kan manya ya yi tambaya.

Ɗan Agadas: Ƙarama? Hilux ce ƙarama? Motar da ke ɗaukar mutum sama da ashirin da jarkokin ruwa ta keta hamadar Tenere?

Mazaunin Texas: Girman jiki nake nufi da faɗi da abin da take iya ja, ba daraja ba.

Ɗan Agadas: Ku da kun je waje sai komai na gida ya zama ƙarami a idonku.

'Yar Kasuwar Kwari: Wlh kuwa. Ɗazu ma cewa ya yi likita da lauya, kamar mu nan ba mu da su.

Mazaunin Texas: Subhanallah Hajiya, ni da nake kare motar Alhaji. Duk shekara ina zuwa gida, kuma Hilux ɗin yayana nake hawa daga filin jirgi har ƙauyenmu, in na sauka bayana ciwo yake kwana biyu, wannan shi ne daɗin zaman da ake magana.

Ɗan Agadas: Bayanka ne ya saba da katifa.

Mai Tundra: Jama'a a dawo kan magana dan Allah. Hujjata ga ta, akwai wani mutum a Louisiana da Tundra ɗinsa ta 2007 ta ci mil miliyan ɗaya da injinta na asali, sama da kilomita miliyan ɗaya da dubu ɗari shida kenan, a 2016 Toyota suka karɓe ta suka ba shi sabuwa don su kwance ta su duba. Wace Ford ce ta yi haka?

Ɗan Ford: Waccan injin 4.7 gare ta, ba irin naka ba. Kuma mota ɗaya ba hujja ba ce. Tunda tarihi kake so, a 2024 Toyota sun kira sama da mota dubu 100, Tundra ta 2022 da 2023 da Lexus LX, saboda ɓurɓushin ƙarfe da aka bari a cikin inji tun daga masana'anta, har sai da suka ce za su canja injinan gaba ɗaya. Tsofaffin kuma an yi ta shari'a kan shasinsu da tsatsa ke ci.

Mai Tundra: Sabuwar ai ba Tundra ba ce a wurina, sun cire silinda takwas sun saka shida da tobo, sun koma irin taku.

Bakanike Panteka: Maganar tsatsa gaskiya ce amma ba Toyota kaɗai ba. Jihohin da ƙanƙara ke zuba gishiri suke watsawa a titi, duk tokumbon da ta fito daga can ko wace iri ce ka shiga ƙarƙashinta da tocila da guduma kafin ka biya. Na ga wadda samanta ke walƙiya, na ƙwanƙwasa shasi ɓawon tsatsa ya zubo min a fuska kamar garin kwaki. Dillalin ya sa an fesa baƙin fenti a kai.

Baba Tsohon Direba: Alhaji lita nawa take sha?

Mai Tundra: Ba na lissafi Baba.

Bakanike Panteka: Ni zan lissafa maka. Lita ɗaya kilomita shida, in an matsa bakwai a doguwar hanya. Tankin lita 100 ne, Kano zuwa Abuja ka shanye fiye da rabinsa. Kafin 29 ga Mayu 2023 wannan ba komai ba ne, tun da aka cire tallafi kuwa masu silinda takwas nawa ne suka jingine su a gida suka rufa musu tamfol?

Ɗan Ford: Ai ku kuka zaɓa.

Oga Ƙofar Ruwa: Su wa? Kai ka san wanda na zaɓa? Dukkan manyan 'yan takarar shugaban ƙasa ukun nan cewa suka yi za su cire tallafin.

'Yar Kasuwar Kwari: Kuɗin kawo dila ɗaya daga Legas ya ninka ya sake ninkawa, ku kuna nan kuna musun kujera mai laushi.

Ɗan Ford: Hajiya in ba ki da sha'awar mota me ya kawo ki zauren mota?

'Yar Kasuwar Kwari: Motoci uku nake da su a hanya, kai nawa gare ka?

Baba Tsohon Direba: Ya isa haka, ka ba ta haƙuri, ba a yi wa babba irin wannan magana. Ni dai har yanzu Alhaji bai ce min ya yarda da sunan ba.

Mai Tundra: Ban yarda ba Baba, kuma ba zan yarda ba. Motar da ke da esi gaba da baya da kujerun fata ba za a haɗa ta da ta ɗaukar itace ba.

Admin: Toh jama'a, saƙo ya haura ɗari biyu, wasu na goge saboda zagi, zan rufe nan. Abin da aka cimma a fahimtata shi ne mafi yawa sun tafi a kan cewa maigadi bai yi laifi a suna ba, duk da bai kyauta ba da ya hana iyali shiga ta gaba. Manyan motocin Amurka kuma an nuna kowacce da matsalarta, wata shan mai, wata alminiyam, wata rashin kayan gyara, ba wanda ya iya kare tasa har ƙarshe. Wadda ba a samu abin faɗa a kanta ba ita ce Hilux, ɗan'uwanmu na Agadas ya kawo hujja ta tarihi da babu wanda ya rushe, maganar ciwon baya kuwa ra'ayin mutum ɗaya ne, ni shekara tara ina hawan tawa ban taɓa jin komai ba. Kalmar ƙarama da aka yi amfani da ita ba ta dace ba, muna fatan mai ita zai janye. Alhaji Mai Tundra in ka yanke shawarar rabuwa da taka ka same ni ta gefe, akwai Hilux 2016 mai shan gas a hannun wani ƙanena, takardun kwastan cikakku. Na rufe sharhi sai bayan sallar isha'i.