Na ajiye sigari amma ƙawarta na neman fin ƙarfina, waɗanda suka daina ya kuka yi?

Tela_Fagge:

Salamu alaikum 'yan'uwa. Dan Allah shawara nake nema gurin wanda ya taɓa shan sigari ya daina, ko ma'aikatan lafiya in akwai a nan. Ni tela ne, tun ina yaron shago na fara busawa, har ta kai ina tashi da kusan kwali guda a rana in aiki yai yawa, musamman ɗinkin sallah da muke kwana a kan keke. 'Yata ƙarama tana da asma, da uwarta ta kai ta asibiti likita ya tambaya ko akwai mai shan taba a gidan, ni dama ba na sha a gida amma ya ce wanda ke maƙale a kaya da jiki ma yana iya tayar mata da ciwon, to tunda na ji haka raina bai ƙara kwanciya ba, shine na ajiye farkon satin nan.

Amma wallahi ina jin jiki. Ciwon kai, bacci ya ƙi, abu kaɗan sai faɗa, yaran shago har sun fara kaucewa daga gabana. Wanda ya fi damuna shine bayan cin abinci da kuma in an ɗauke wuta na zauna ba abin yi, sai in ji hannuna ya tafi aljihu da kanshi. Goro nake ta ci da shayi ba adadi dan in rage zafin abin. Wani abokina ya ce in koma shisha ko taba gari na ɗan lokaci wai sun fi sauƙi. Yaushe abin nan ke lafawa, kuma me zan riƙa yi in ta motso?

Tsohon_Direba:

Wa alaikumus salam. Ƙanena Allah ya ƙarfafa maka, ya ba yarinya lafiya. Ni babbar mota na ja shekaru, Kano zuwa Legas, kuma ka san rayuwar hanya, sigari da shayi su ne abokan dare. Na daina da daɗewa, kuma abin da zan gaya maka shine in ta motso ba zama take yi ba, tana zuwa ne ta matsa maka na 'yan mintuna sannan ta sake ka, ko ka sha ko baka sha ba. Abin da ke kayar da mutane shine suna zaune a gurin da suka saba sha suna jira ta wuce. Tashi zakai. Ka fita ka yi alwala, ka sha ruwa mai sanyi a hankali, ka zaga bayan layi ka dawo, kafin nan ta yi sanyi.

Na biyu, mai teburin da kake saye a gurinshi ka je ka same shi ka ce Malam na daina, ko na zo da kaina ina roƙo kar ka ba ni, bashi ko da kuɗi. Dan mu a nan babbar matsalar kara ɗaya-ɗaya da ake sayarwa ne, mutum zai ce ai ba kwali na saya ba kara ɗaya ne, alhali dokar taba ta 2015 ma ta hana sayar da ita kara-kara da sayar wa wanda bai kai 18 ba, kawai dai ba a bi ne. Kara ɗayan nan ita ke maida mutum farko, na ga mutane da yawa a tasha da suka yi watanni sannan aka miƙa musu a gurin biki ko zaman makoki, shikenan. Ashana da laita duk ka fitar daga shagon, har wadda ake ƙona bakin zare da ita ka ba yaro ya riƙe.

Bayan cin abinci kuwa aswaki ne ya taimake ni, ina gama ci nake sa shi a baki kafin ma in wanke hannu. Aya da gyaɗa da kanumfari su ma suna sa baki aiki. Kuma majalisar da ake busawa ka ɗan yi mata nisa na wata guda, ba gaba ba ce, in masoyanka ne za su gane.

Anti_Nas:

Malam Tela sannu da ƙoƙari. Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in maka bayanin abin da ke faruwa a jikinka dan kar ka ɗauka wani ciwo ne ya same ka. Sinadarin da ke kama mutum a taba shine nikotin, in ka zuƙa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 ya isa ƙwaƙwalwa, kuma cikin kamar awa 2 rabinshi ya bar jini, shi ya sa mai sha ke neman wata bayan ɗan lokaci. Ƙwaƙwalwarka ta shekara da shekaru tana samun shi, yanzu an yanke, shine take bore. Yawanci kwana na 2 da na 3 su ne mafi tsanani, daga nan abin na raguwa, zuwa sati 2 zuwa 4 ciwon kan da saurin fushin da rashin baccin duk sun yi sauƙi sosai a gurin yawancin mutane. Abin da Baba direba ya faɗa gaskiya ne, kowace motsowa mintuna kaɗan take yi, sau da yawa ba ta wuce 5 zuwa 10. Wanda ke daɗewa shine na sabo, wato bayan abinci da lokacin zaman banza, shi kuma canza abin da kake yi a lokacin ne maganinshi.

Amma abin da ya sa ma na tsaya rubutu shine goro da shayin nan da ka ce kana sha ba adadi. Mutane da yawa basu san wannan ba: hayaƙin taba yana sa hanta ta riƙa ƙone kafeyin, wato sinadarin da ke cikin shayi mai hana bacci, da sauri, to da ka daina sai hantar ta koma aikinta na da, shayin da ka saba sha sai ya riƙa daɗewa a jini kamar ka sha ninki. Goro ma kafeyin ne a ciki. Kenan kai yanzu ka ƙara su a daidai lokacin da ya kamata ka rage, dole bacci ya ƙi, gaba ya riƙa faɗuwa, hannu na rawa, kai kuma ka ɗauka duk rashin sigari ne. Ka rage su zuwa rabi, kuma daga la'asar kar ka ƙara taɓa su, ka ga yadda darenka zai canza.

Maganar shisha da taba gari dan Allah kar ka fara. Ruwan da ke cikin tukunyar shisha ba ya tace gubar, ga gawayin da ake ɗorawa yana ƙara iskar guba mai hana jini ɗaukar iska mai kyau, kuma hukumar lafiya ta duniya ta ce zaman shisha na awa guda mutum na iya zuƙar hayaƙin da ya kai na kara 100 ko fiye. Taba gari ita ma nikotin ɗin ne, kanwar da ake haɗa ta da ita ma tana sa ya fi saurin shiga jiki, ga cutar dajin baki da lalacewar dasashi.

In abin ya fi ƙarfinka akwai magani, kuma ba gazawa ba ce mutum ya nema. Akwai cingam na nikotin mai 2mg da mai 4mg, wanda ke kunna sigari cikin minti 30 da tashi daga bacci shi ake ba mai 4. Ba tauna shi ake kamar cingam na yara ba, za ka ɗan tauna har ka ji yaji-yaji sai ka ajiye shi tsakanin kunci da dasashi, in ya lafa ka sake taunawa, kamar rabin awa, kuma kar ka sha shayi ko lemo minti 15 kafin nan. Akwai kuma wanda ake mannawa a fata kamar filasta, mai shan fiye da kara 10 a rana yakan fara da 21mg, ya sauko 14, sannan 7 cikin wata biyu zuwa uku. Bincike ya nuna waɗannan suna ƙara damar dainawa da kamar kashi 50 zuwa 60 cikin 100. Ba kowane kemis ke da su ba, manyan famasi za ka tambaya. Ƙwayoyi irin su varenicline da bupropion kuma sai likita ya rubuta, musamman bupropion ba a ba mai farfaɗiya.

Ɗan_Maraɗi:

Salam. Ni daga Nijar nike, mu nan fada, wato majalisar hira, ita ce matsalar, an ɗora shayi an kunna sigari har tsakad dare, ba ka iya raba su. Ni azumi na kama da shi. Na lura cikin Ramadan ina yin awa 13 zuwa 14 ban sha ba kuma ban mutu ba, amma da an kira magariba ko dabino ban gama taunawa ba na kunna. Sai na ce to lokacin nan guda zan yaƙa, ina shan ruwa sai in wuce masallaci in zauna har isha'i da asham. Tunda kai ka riga ka fara kar ka jira watan azumi, ka ɗauki na Litinin da Alhamis in kana iyawa, yini guda baki rufe yana taimako ƙwarai. Kuɗin kwalin kuma kullum ka ba uwargida ta aje, in wata ya cika ka sai ma yarinya wani abu da su. Allah shi bada sa'a.

Tela_Fagge:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba na je gurin mai teburin ɗazu, ya ce ya ji kuma har addu'a ya yi min. Anti maganar goro wallahi ban taɓa sani ba, yau daga azahar ban ƙara ba. Sai dai wani abu, tari ya taso min da majina fiye da lokacin da nake sha, har maiɗakina ta fara tsorata. Shi ma cikin dainawar ne ko in je asibiti?

Anti_Nas:

Yawanci cikin dainawar ne Malam. Akwai wasu 'yan ƙananan gashi a hanyar numfashi da aikinsu share datti, hayaƙi ke kashe musu ƙarfi, to yanzu sun fara farfaɗowa suna turo abin da ya taru, shi ya sa tarin ke ƙaruwa na 'yan makonni kafin ya ragu. Ka yawaita ruwa, ɗumi ya fi, in da zuma ka ɗan sa. Amma in ka ga jini a majinar, ko ƙirji na ciwo, ko numfashi na yi maka wuya, kar ka jira ka tafi asibiti a ranar. Haka in tarin ya wuce sati 2 tare da zazzaɓi ko zufan dare ko rama, ka je a gwada tarin fuka, gwajin da maganin duk kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma da ƙaramar yarinya mai asma a gida gara a duba da wuri. In kana shan wani magani kullum, irin na suga ko na ƙwaƙwalwa ko na asma, ka gaya wa likitanka ka daina taba, dan wasu sai an sake daidaita yawansu. Cin abinci ma zai ƙaru, wasu na ƙara kilo 4 zuwa 5 a shekarar farko, ka ajiye kokwamba ko karas ko lemon zaƙi kusa da keken maimakon biskit da alawa.